Adalcin Malami A Tsakanin Yaransa

Ya 'yan'uwanmu masu koyon aikin malanta, da ku iyayenmu malamai, muna roƙo ku ba mu aron hankalinku a kan wata magana wadda kowa ya ke tsammani ya riga ya gama da ita. In aka tara mu duka aka ce, wane ne a cikinku zai nuna bambanci tsakanin yaran da za a danƙa masa? Babu wanda zai ɗaga hannu. Kowa zai ce shi kam ɗan sarki da ɗan talaka ɗaya su ke a gare shi. Kuma ba ƙarya ya yi ba, gama iyakar abin da ya sani game da zuciyarsa ke nan. To, amma a je kowace makaranta a keɓe yara a tambaye su. Nan da nan za su faɗi sunan ɗan gaban goshin malam, su faɗi sunan wanda malam ba ya ko duban wajen da ya ke. Malam ya rantse ba shi da zaɓaɓɓe, yara kuwa duk sun san zaɓaɓɓen nan da sunansa. Abin da mu ke so mu bincika shi ne, ta wace ƙofa rashin adalci ya ke shiga ajin mutumin kirki?

Ba za mu daɗe a kan babbar ƙofa ba, don kowa ya san ta. Malamin da a ke aiko masa da ƙwai da zabi da ƙwaryar goro daga wani gida, sa'an nan hannunsa ya yi nauyi wajen hukunta ɗan gidan, ko alƙalaminsa ya yi sauƙi wajen ba shi maki, wannan ya san abin da ya ke yi, yara ma sun sani. Maganinsa tsoron Allah, ba dogon bayani ba. Mu ƙananan ƙofofi mu ke jin tsoro, waɗanda mai gida bai san suna buɗe ba.

Malami alƙali ne, sai dai ya fi alƙali hatsari ta wani wajen. Alƙali yana zama a gaban jama'a, da muhuti a gefensa, in kuma ya karkata akwai inda za a ɗaukaka ƙara. Malami kuwa shi kaɗai ne babba a ɗaki, yana yanke hukunci ya fi a ƙirga kowace rana, wa zai yi magana, wa zai yi shiru, wa za a yaba, wa za a yi wa dariya, kuma waɗanda ya ke yi wa hukuncin ba su da bakin ƙara. A cikin wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari a kan aikin alƙalanci, ya umurce shi ya daidaita mutane a wajen fuskarsa da wajen zamansa da wajen hukuncinsa, don kada babba ya sa rai za a karkata masa, kada kuma mai rauni ya yanke ƙauna. Ku lura da fuska da wurin zama, an ambace su tare da hukunci. Ashe ana iya zaluntar mutum da kallo tun ba a buɗe baki ba. Maganar kuwa ba ta tsaya ga alƙalai ba. Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 870, ya wallafa littafi a kan ladubban masu koyarwa, ya keɓe babi guda a cikinsa don adalci tsakanin yara, ya nuna cewa wajibi ne malami ya daidaita ɗan mawadaci da ɗan matalauci a wajen karatu. Watau cutar nan ta fi shekara dubu ana neman maganinta.

Yawancinmu mun fara da makarantar allo kafin mu san boko, saboda haka mun san bambancin da ke tsakani. A makarantar allo kowane yaro da allonsa. Wannan yana Fatiha, wancan ya kai Sabbi, wani yana gab da sauka, kowa ya zo gaban malam a biya masa nasa, ya wanke, ya rubuta na gaba. Ba na ɗaya, ba na ƙarshe. Ba mu ce can babu aibi ba, gama mun san dorinar gardi ba ta cika sauka daidai a kan ɗan gida da baƙon almajiri ba. Amma ko ba kome, tsarin ya tilasta malam ya zauna da kowane yaro fuska da fuska. A ajin boko kuwa allo ɗaya ne a jikin bango, darasi ɗaya, ƙararrawa ɗaya. Tun da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a Nijeriya a shekarar 1976, azuzuwa suka cika suka batse. Malami ɗaya, idanu biyu, yara kuwa har bakin taga. Babu abin da ya tilasta shi ya san da zaman kowa. Yaro yana iya shekara guda a ajin nan ba a kira sunansa ba sai wajen kiran rajista, kuma babu wanda zai ce an yi masa laifi, don ba a zage shi ba, ba a doke shi ba.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kasuwa haka ne. A cikin aji kuwa mu dai ba mu amince wa ido ba. Ido yana zuwa inda ya ke samun daɗi. Malami ya yi tambaya, hannuwa biyar ko shida sun tashi, kullum su ne, a layin gaba su ke, rigunansu wankakku. Ya kira ɗaya, an ba shi amsa daidai, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce darasi ya shiga. Darasi ya shiga kunnen mutum shida. Sauran fa? Akwai yaron da ya zo daga ruga, Fillanci ya ke tunani da shi, kafin ya juya tambayar a ransa ya juyo amsa da Hausa ko Turanci an wuce. Akwai mai i'ina wanda ya san amsa sarai, amma ya san abin da zai biyo baya in ya buɗe baki. Akwai wanda kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, aka ajiye shi can baya saboda tsawonsa. Akwai wanda ba ya ganin rubutun allo daga nesa, shi kansa bai san sauran suna gani ba. Akwai yarinya wadda tun daga gida aka hore ta da sunkuyar da kai gaban manya, ga shi yanzu ana auna ƙoƙari da ɗaga hannu. Duk waɗannan sunansu ɗaya a bakin malam mai gaggawa, watau daƙiƙai.

Wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta ɗauki maganar malamai a cikin azuzuwa da na'ura, ta auna tsawon jiran da su ke yi bayan sun yi tambaya, ta bayyana abin da ta samu a shekarar 1972. Ta tarar yawancinsu ba su jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya, sai su maimaita tambaya, ko su ba wani, ko su amsa da kansu. Da aka koya musu su jira daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da dā ba su magana suka fara magana. Wani abin da ta gani kuma ya fi wannan ban tsoro. Malami yakan ƙara haƙurin jira ga yaron da ya ke ganin mai ƙoƙari ne, ya yi saurin wuce wanda ya ke ganin ba ya ja. Ku duba fa! Wanda ya fi bukatar a jira shi, shi a ke fara katsewa. Malaman nan ba mugaye ba ne. Wataƙila ma tausayi ne ya sa, suna cewa kada su kunyata yaro. Amma yaro yana lissafi, ya gane an riga an fid da rai daga gare shi, shi ma sai ya fid da rai daga kansa.

Daga ina malami ya ke samo wannan sani nasa na wane zai iya, wane ba zai iya ba? Sau da yawa tun yaro bai buɗe littafi ba. Mun gāji karin maganar nan cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, muna kuwa aiki da ita a inda ba ta dace ba. An ce wannan ɗan alƙali ne, ai dole ya yi kai. Wancan ƙanen wane ne da ya gagari malamai bara, sai a yi hattara da shi. Sabon malami bai kwana biyu a gari ba, an riga an karanta masa tarihin kowane gida a ofishin malamai. A shekarar 1968 wasu masana biyu, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, suka buga labarin wani gwaji da suka yi a wata firamare a Kalifoniya. Sun yi wa yara jarrabawa, sa'an nan suka ba malamai sunayen wasu, kimanin ɗaya cikin biyar, suka ce waɗannan za su yi fice bana. Alhali kuwa sunayen nan da ka aka tsinto su, ba ruwansu da jarrabawar. Da shekara ta ƙare sai aka ga a ƙananan azuzuwa yaran nan sun ɗara 'yan'uwansu ci gaba. Masanan da suka biyo baya sun yi gardama ƙwarai a kan gwajin, da yawa sun ce ƙarfin abin bai kai yadda aka zuzuta ba. Mun yarda. Amma ko kaɗan ne, zaton malami yana taɓa rabon yaro, kuma zaton nan kyauta a ke ba wani, a hana wani.

Tarihin ƙasarmu ma ya isa ya sa mu yi hankali da zato. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, 'ya'yan sarakuna sashensu dabam ne, don a lokacin ana ganin ilmin mulki na masu gadon mulki ne. Amma Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ta yaye Ahmadu Bello, ɗan hakimin Raba kuma jinin Shehu Usmanu, ta kuma yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ubansa ma'aikaci ne a gidan hakimin Lere ta ƙasar Bauci. Dukansu biyu da aikin malanta suka fara. Ɗaya ya zama Firimiyan Arewa, ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, shi ne kuwa a kan kujera ranar samun mulkin kai a 1960. Da malamin farko na yaron nan na Bauci ya auna shi da sunan gidansu, da an yi hasarar da ba wanda zai san an yi ta. Wannan ita ce wahalar maganar. Yaron da aka tauye ba ya barin shaida. Yakan koma gona ko kasuwa shiru, a ce dā ma ba shi da kai.

Ga wanda ya yi karatun allo, akwai abin da ya fi duk wannan kusa. Suratu Abasa tana cikin surorin da muka haddace tun muna ƙanana, mun kuma ji dalilin saukarta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zance da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin shiriyarsu, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo yana neman a sanar da shi. Aka sauko da sura a kan al'amarin, kuma bayan haka Manzo ya riƙa girmama shi, har ya sha wakilta shi a Madina in zai yi tafiya. In har an saukar da sura saboda mai neman sani guda ɗaya, to, ina ga mu, da za mu tsaya gaban masu neman sani cike da ɗaki kowace safiya?

Akwai wata ƙaramar ƙofa kuma da ba a cika ambatonta ba, ita ce ta wasa. Mu mutane ne masu barkwanci. Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, in sun haɗu sai zolaya, kuma abu ne mai kyau, yana ƙara zumunci. Amma sharaɗin wasan nan shi ne kowa yana da ikon ramawa. Malami in ya tsokani yaro da garinsu, ko da sana'ar ubansa, ya ce ɗan mahauta ko ɗan maƙera, ko ya kwaikwayi karin harshensa, aji duka ya fashe da dariya, yaron ba shi da ikon ramawa. Sunan nan kuwa zai bi shi har filin wasa, har ya girma. Haka kuma sha'anin monita. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Malami ya ɗora yaro ɗaya a kan sauran shekara guda, ya ba shi ikon rubuta sunayen masu surutu, sa'an nan ya riƙa hukunci da takardar nan ba bincike. Abokan monita ba su taɓa surutu ba ke nan har abada.

Yanzu ga inda mu ke saɓa wa wasu 'yan'uwanmu. Suna cewa maganin duk wannan mai sauƙi ne, a yi wa kowa abu ɗaya, doka ɗaya, hukunci ɗaya, lokaci ɗaya, shi ke nan an huta. Maganar tana da daɗin ji, kuma tana kāre malami daga zargi. Amma a ɗauki yara biyu da suka makara. Ɗaya gidansu yana bayan makaranta, barci ya yi. Ɗaya kuwa sai da ta ɗebo ruwa, ta kai ƙosai talla, sa'an nan ta taho daga wani ƙauye da ƙafa. In aka yi musu hukunci ɗaya, an daidaita su, amma an yi adalci? Mai magani ba ya ba kowane majiyyaci saiwa ɗaya don kada a ce ya yi sonkai. Uwa ma takan fi zama wajen ɗan da ba shi da lafiya, sauran kuwa ba su ce ta ƙi su ba.

A ganinmu abu biyu ne a hannun malami, kuma kowane da hukuncinsa. Akwai awo, akwai ciyarwa. Wajen awo, watau maki da jarrabawa da shaidar da za a rubuta a kan yaro, mudu ɗaya ne tilas. Ba a ƙara wa maraya maki don tausayi, gama wannan ha'inci ne ga sauran, kuma yaudara ce gare shi, ran da ya fita duniya za ta auna shi da mudun gaskiya. Amma wajen ciyarwa, watau bayani da maimaitawa da jira da zama kusa da yaro, a nan kowa gwargwadon yunwarsa. Abin da mu ke gani yana faruwa sau da yawa kuwa juyin wannan ne. Ana sassauta mudu ga wanda a ke so, sa'an nan a raba bayani daidai wa daida, ko ma a fi ba wanda ya riga ya ƙoshi.

Kada a ce mun manta da yaro mai kaifin kai. Shi ma yana da hakki. In aka tsare shi yana hamma sai na baya sun iso, an tauye shi, kuma irinsa ne ya kan zama shugaban masu fitina don rashin abin yi. Nan ne maganar ta ke da wuya da gaske, gama lokacin darasi ba ya miƙewa, abin da aka ba wannan an rage wa wancan. Har wa yau kuma malami ya san da yawan waɗanda suka ci jarrabawa a ke yabonsa, saboda haka zuciya tana raya masa ya tattara ƙarfinsa a kan 'yan kaɗan da za su fid da shi kunya. Ba mu da dabarar da za ta kawar da wannan ɗungum. Amma makarantar allo ta bar mana rabin amsa. A can wanda ya yi nisa shi ke biya wa na baya, karatunsa kuwa ƙara zama ya ke yi. Mai kaifin kai a ba shi aiki mai wuya nasa na kansa, wani lokaci kuma a zaunar da shi kusa da wanda ya ke fama. Sai dai a kula kada ya zama wani ƙaramin monita.

Game da 'yan mata ba mu da uzuri ko kaɗan. Shehu Usmanu ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi saboda suna karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata har ta rasu a 1864. Yarinyar da iyayenta suka yarda suka turo ta aji, sa'an nan ta zama ita ce mai shara da ɗebo wa malam ruwa, maza suna allo suna lissafi, an mai da ita inda aka fito da ita.

Tun da mun ce ba mu amince wa ido ba, kuma kyakkyawar niyya kowa yana da ita, abin da ya rage shi ne ƙirga. Malami ya ajiye takardar sunayen yara a gefen teburinsa, duk wanda ya tambaya ya ɗiga masa ɗigo. Ran Jumma'a ya duba. Sunan da ba shi da ɗigo ko ɗaya, shi ne na farko ran Litinin. In ya yi tambaya ya ƙirga uku a zuci kafin ya kira kowa, in ya kira kuma ya sāke ƙirga uku kafin ya wuce. Wuraren zama su riƙa juyawa, ban da mai raunin ido ko kunne, shi gaba ne wurinsa kullum. Takardun jarrabawa a naɗe wajen suna kafin a fara dubawa. Monita kuma a riƙa sāke shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke cin ko kwabo.

Muna kuma da roƙo ga malamanmu. In kun zo duba mu a lokacin gwajin koyarwa, kuna duba tsarin darasi da rubutun allo da ƙarfin murya, muna kuwa godiya. Muna so ku ƙara abu ɗaya. Wanda ya zauna a bayan aji ya zana taswirar kujeru, ya sa alama a kan kowane yaron da muka yi wa magana, da wanda muka yaba, da wanda muka tsawata wa. In an tashi ya miƙa mana takardar mu gani da idonmu, tun muna nan inda a ke iya gyara mu, kafin a raba mu garuruwa inda ba mai zama a bayan aji. Mu ma a tsakaninmu muna iya yi wa juna haka, kowa ya zauna a ajin abokinsa sau ɗaya a mako da fensir da takarda.